Filin Koyon Turanci: Kalmar Aiki Da Ɗan Rakiyarta

Darasin wannan wata ya shafi wata matsala da takan damu duk wanda ya fara koyon Turanci da girmansa. Mutum ya dage ya haddace kalmomi. Ya san “put” tana nufin sa ko ajiye. Ya san “out” tana nufin waje. Ran nan sai ya ga an rubuta “put out the fire” a jikin allo. Ya haɗa ma'anonin nan biyu, ya ce ai cewa aka yi a fitar da wuta waje. Alhali kuwa abin da aka ce shi ne a kashe wutar. Kowace kalma ya san ta, amma maganar ta kuɓuce masa.

Wasu ɗaliban ajin manya in sun ci karo da irin wannan sai gwiwarsu ta yi sanyi, su ce kansu ne ya tsufa. Ba tsufa ba ne. Ko ɗan sakandare yana tuntuɓe a nan. Turawan ma da kansu sun daɗe da sanin wurin yana da santsi. Tun a shekarar 1755 wani malami ɗan Ingila mai suna Samuel Johnson ya wallafa babban ƙamus na Turanci a Landan. A gabatarwar ƙamus ɗin ya nuna cewa irin wannan haɗi na kalmomi shi ne ya fi ba baƙi wuya. Shekara fiye da 250 ke nan, har yau kuwa maganarsa ba ta faɗi ba.

Mene ne wannan haɗi?

Kalmar aiki ita ce wadda ke nuna abin da aka yi, kamar ci, sha, zo, tafi. Malaman nahawu suna kiranta aikatau. A Turanci akwai waɗansu kalmomin aiki gajeru waɗanda kullum suna bakin mutane. Ga su: get, put, take, give, go, come, look, turn, keep, break, run, pass. Akwai kuma waɗansu ƙananan kalmomi da asalinsu wuri suke nunawa, ko inda aka dosa. Su ne up, down, in, out, on, off, away, back, over, after, for. Wato sama, ƙasa, ciki, waje da sauransu.

In ƙaramar kalma ta biyo bayan kalmar aiki, sau da yawa sukan zama abu guda mai ma'ana guda. Turawa suna kiran wannan haɗi “phrasal verb”. Sunan ya bazu ne bayan wani marubuci, Logan Pearsall Smith, ya yi amfani da shi a littafinsa na 1925. Mai karatu ba ya bukatar haddace sunan. A wannan darasi za a riƙa kiran ƙaramar kalmar ɗan rakiya, don kuwa rakiya take yi wa kalmar aiki. Sai dai wannan ɗan rakiya ne mai ƙarfin hali. Wani lokaci shi ne yake juya akalar tafiyar baki ɗaya.

Hausa ma tana da nata

Kafin mai karatu ya ga laifin Turawa, ya dubi harshensa. A ɗauka ga Bature ya zo koyon Hausa. An gaya masa “ci” shi ne sa abinci a baki. Ya rubuta a littafinsa. Da ya fita kasuwa sai ya ji ana ci gaba, ana cin bashi, ana cin amana, ana cin mutunci, wani ya ci jarrabawa, wani ya ci riba. Aka gaya masa “sha” na ruwa ne da kunu. Sai ya ji wani ya sha wahala, wani ya sha kashi, wani ya fita shan iska, wani kuma ya sha alwashi. Bahaushe bai taɓa tsayawa ya tambayi yadda ake tauna amana ba. Ya ji maganar a dunƙule tun yana yaro, ya riƙe ta a dunƙule. To haka ɗan Ingila yake da “put out” da “give up”.

Akwai wata kama da ta fi wannan kusa. A duba bambancin ci da cinye, sha da shanye, saya da saye. Wanda ya ci tuwo mai yiwuwa ya rage. Wanda ya cinye kuwa ya bar kwano wayam. Hausa ƙarshen kalma take sakewa don ta nuna an gama da abu kaf. Turanci ba ya sake ƙarshen kalma, ɗan rakiya yake kirawo, wato “up”.

Eat your food, wato ci abincinka.
Eat up your food, wato cinye abincinka.
Drink up the medicine, wato shanye maganin.
They bought up the maize, wato sun saye masarar.
We have used up the sugar, wato mun ƙarar da sukarin.

A nan “up” ba ta da ruwa da sama. Cikawa take nunawa.

Haka kuma zuba da zubar, jefa da jefar. Wanda ya zuba ruwa a randa yana son ruwan. Wanda ya zubar kuwa ya rabu da shi. Aikin da wannan ƙarshe na “ar” yake yi a Hausa, “away” takan yi shi a Turanci. “Pour” zuba, “pour away” zubar. “Throw” jefa, “throw away” jefar ko yar. “Give away” kyautar da abu. Ita kuwa “back” komawa take nunawa. “Go back” koma, “come back” dawo, “bring back” dawo da, “give back” mayar wa mai abu abinsa.

Wanda ya gane wannan ya ci rabin darasin.

Masu sauƙi

Da yawa daga cikinsu ba su da wata wuya, don ma'anar a fili take. Duk wanda ya taɓa wucewa ta bayan tagar firamare ya ji “stand up” da “sit down”, wato tashi tsaye da zauna. “Come in” shigo. “Go out” fita. “Lie down” kwanta. “Get up” tashi daga kwance.

“On” da “off” kuwa kishiyoyi ne. “Put on” sa tufafi, “take off” tuɓe. “Switch on” ko “turn on” kunna, “switch off” ko “turn off” kashe. A gidan mai akan rubuta “switch off engine”, wato a kashe mota kafin a sha mai. Mai wayar hannu kuma ya saba jin muryar nan da ke gaya masa lambar da yake kira “switched off” take, wato a kashe take. “Get on” hawa mota ko jirgi, “get off” sauka. “On” tana da wani aiki na biyu, shi ne nuna ci gaba. “Go on” da “carry on” duk ci gaba suke nufi. A kan hanya kuma in an ga “slow down”, to a rage gudu, akwai kwana ko makaranta ko masu aiki a gaba.

Kalma ɗaya, rakiya bakwai

Masu wuyar su ne waɗanda ma'anarsu ta yi nisa da asalin kalmomin. A ɗauki “look”, wato duba. “Look at” shi ne kallo. “Look for” nema. “Look after” kula da wani, kamar yaro ko maras lafiya ko dabbobi. “Look up” neman kalma a ƙamus. “Look down on” raina mutum. “Look out” kuwa gargaɗi ne, a yi hattara. In wani ya daka wa mutum tsawa ya ce “look out”, ba leƙe ake so ya yi ba. Ya kauce tukuna, ya ga abin da ke tafe daga baya.

Na bakwai shi ne “look into”, wato bincika al'amari. Wannan yana yawan fitowa daga bakin manyan ofis da cikin labarun rediyo. In mutanen ƙauye sun kai kukan rijiya ko gada, aka amsa musu da “we will look into it”, to su san an ce za a duba ne kawai. Ba a yi alkawarin rijiya ba. Kada wakilinsu ya koma gida ya ce an amince.

Rubutun jikin kwalbar maganin ƙwari

A nan ne darasin ya fi shafar manomi, don kuwa magana ce ta rai. Yawancin magungunan feshi da na ajiyar hatsi da ake sayarwa a kasuwanninmu da Turanci aka rubuta gargaɗinsu. Rubutun ƙanana ne, kuma cike yake da 'yan rakiya.

“Put on gloves” na nufin a sa safar hannu kafin a taɓa maganin. “Do not breathe in” na nufin kada a shaƙa. Saboda haka ake rufe hanci da baki, kuma ba a feshi ana fuskantar iska. “Wash off” na nufin a wanke abin da ya taɓa jiki har ya fita. A lura, “wash” kawai wanki ne ko wanka. Da “off” ta shigo sai ta nuna raba maganin da fata ake so, nan take, da ruwa da sabulu. “Take off” a nan tuɓe kayan da maganin ya zuba a kansu ne. Ba a wuni da su a jiki, ba a kuma shiga ɗaki da su a ɗauki yaro.

Sai “keep”, wadda asalinta riƙe ko ajiye. “Keep away from food” na nufin a nisanta shi da abinci. “Keep out of reach of children” na nufin a ajiye inda hannun yara ba ya kaiwa. Wannan jimla ta ƙarshe tana jikin kusan kowane kwalin magani, na mutum da na gona. Ya kamata kowane magidanci ya iya gane ta da ido ko da bai iya furta ta ba. Wanda ya tsaya a kan “keep” da “children” kawai yana iya cewa an ce a ajiye wa yara. Kalmomi huɗu na tsakiya su ne suka juya maganar.

In aka rubuta “throw away” ko “dispose of” game da kwalbar da ta ƙare, to rabuwa da ita ake nufi. Ba a ɗauraye ta a zuba man gyaɗa ko ruwan sha, komai kyanta. Wanda rubutun ya shige masa duhu ya kai wa malamin gona ya karanta masa kafin ya buɗe murfin. Matambayi ba ya ɓata.

A asibiti

Likita da nas sukan ce “lie down”, “breathe in”, “breathe out”, wato kwanta, ja numfashi, saki numfashi. “Throw up” amai ne, ba jefa abu sama ba. “Come back in two weeks” a dawo bayan mako 2. “Carry on with the tablets” a ci gaba da shan ƙwayoyin, ko da an ji sauƙi. “Break out” ɓarkewa ce, kamar yadda annobar sanƙarau ta ɓarke a Arewacin Nijeriya a 1996.

Akwai biyu da suke kama da juna amma hukuncinsu daban. “Cut down on” rage abu. “Cut out” daina shi ɗungum. Mai hawan jini da aka rubuta masa “cut down on salt” an ce ya rage gishiri. Wanda aka rubuta wa “cut out” kuwa, ko “give up”, an ce ya bari ne baki ɗaya. “Give up smoking” shi ne barin shan taba. Ita “give up” tana kuma nufin sarewa, kamar ɗan kokawar da ya ce ya bi.

Sai wadda ta fi tayar da hankali. “Pass” wucewa ce, ko cin jarrabawa. “Pass away” kuwa rasuwa ce. Bature yakan ce “pass away” maimakon “die” don sassauta magana, kamar yadda Bahaushe yakan ce wane ya rasu ko ya riga mu gidan gaskiya maimakon ya mutu. “Pass out” kuma suma ce. Amma tana da ma'ana ta biyu. Kurtun soja da ya gama horo a Zariya akan ce ya yi “pass out”, haka ma ɗan sanda da mai hidimar ƙasa. Faretin yaye su ma “passing-out parade” ake ce masa.

A ɗauka saƙo ya zo wa wani tsoho cewa “your son has passed out”. Yaron da ya karanta masa ya tuna ya taɓa jin “passed away”, sai ya ce an yi rashi. Gida ya rikice da kuka, alhali albishir aka aiko. Saboda haka mai karanta wa mutane wasiƙa ko saƙon waya ya dubi ɗan rakiya sau biyu kafin ya buɗe baki. Ya kuma dubi sauran maganar. In ana zancen asibiti ne, suma ce. In ana zancen fareti da kaki, yaye ne.

Banki, ofis da taro

“Fill in” ko “fill out” cike fom. Duka biyun daidai ne. Na farko ya fi yawa a Ingila, na biyu a Amurka. “Write down” rubuta. “Cross out” soke abin da aka rubuta. “Hand in” miƙa takarda. “Tear off” yage wani ɓangare. A ƙasan wasu takardu akan ga haruffa uku, P.T.O. Taƙaitawar “please turn over” ce, wato a juya takarda, akwai saura a baya. Sau da yawa sharuɗɗan rance a bayan nan suke. Kada kowa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa sai an juya an karanta masa.

“Pay in” zuba kuɗi a asusu. “Take out” cirewa, ana kuma cewa “take out a loan”, wato karɓar rance. “Pay back” biyan abin da aka ranta. “Pay off” biyansa kaf har a rufe littafi. “Turn down” ƙin amincewa da roƙo. In takarda ta dawo da “your application has been turned down”, to ba a samu ba. A wurin sayar da taki in aka ce “we have run out of fertilizer”, ba wanda ya gudu. Takin ne ya ƙare. “Sold out” kuma an sayar kaf.

'Yan ƙungiyar gama kai su riƙe waɗannan biyu da kyau. “Put off” ɗage taro zuwa wata rana. “Call off” fasa shi baki ɗaya. Wanda ya ɗauki “called off” a matsayin kira zuwa taro zai biya kuɗin mota zuwa hedkwatar ƙaramar hukuma ya tarar da ƙofa a kulle.

Wani abin lura shi ne wasiƙar ofis ba ta cika amfani da waɗannan gajerun kalmomi ba. Ta fi son dogaye. Inda mutum zai ce “put off” da baki, sai a rubuta “postpone”. Inda zai ce “call off”, a rubuta “cancel”. “Hand in” ta zama “submit”, “turn down” ta zama “reject”, “put out” ta zama “extinguish”. Dalilin yana cikin tarihi. A shekarar 1066 mutanen Nomandi daga Faransa suka ci Ingila da yaƙi. Wajen shekara 300 Faransanci ne harshen fada da kotu, Latin kuma na malamai. Kalmomi da yawa suka shigo Turanci daga harsunan nan biyu, suka zauna a takarda. Talakawa kuwa suka ci gaba da gajerun kalmominsu na gado. Hausa ma haka take da Larabci. Kalmomi irin su wafati da hukunci da al'amari sun fi yawa a bakin malamai da alƙalai. Mai koyo ya riƙe biyu-biyu, ɗaya ta baka, ɗaya ta takarda.

Ina ɗan rakiya yake tsayawa?

Wasu 'yan rakiya sun yarda a raba su da kalmar aiki. Ana iya cewa “turn off the radio”, ana iya cewa “turn the radio off”. Duka biyun kashe rediyo ne. Amma in ba a ambaci sunan abin ba, aka sa “it” ko “him” ko “her” ko “them” a madadinsa, to dole ya shiga tsakiya. “Turn it off” daidai ne. “Turn off it” kuskure ne. Haka “put it on”, “pay it back”, “throw them away”.

Wasu kuwa ba sa rabuwa ko kaɗan. “Look after the child”, “look after her”. Ba a cewa “look her after”. Haka “look for” da “look into” da “look at”. Masu rakiya biyu ma a manne suke tafiya, kamar “run out of” da “cut down on” da “put up with”, wato haƙuri da abu. Babu wata gajeriyar doka da za ta raba wa mai koyo su duka. Abin da ya fi shi ne duk wadda aka koya a koye ta cikin jimla, tare da inda kowace kalma take zama.

Game da lokaci kuma, kalmar aiki ce kaɗai take sakewa. Ɗan rakiya yana nan yadda yake. “Take off” yau, “took off” jiya. “Give up” yau, “gave up” jiya. “The lorry broke down” na nufin babbar mota ta lalace a hanya, daga “break down”. Ita “put” ba ta sakewa, jiya da yau duk “put” ce.

Leɓe da haƙori

Akwai tarkon da ya keɓanta ga Bahaushe. Hausa ba ta raba “p” da “f” ba. Saboda haka “up” da “off” sukan fito iri ɗaya daga bakin mai koyo, ga shi kuwa ma'anarsu ta yi hannun riga. “Turn up the radio” a ƙara murya. “Turn off the radio” a kashe. “Take up” fara wani aiki, “take off” tuɓe. Ga yadda ake raba su. Wajen faɗin “up”, a fara da “a” gajere, sannan a haɗe leɓɓa biyu gam, kamar “ap”. Wajen faɗin “off”, a fara da “o”, a ɗora haƙoran sama a kan leɓen ƙasa a hura iska. A gwada a gaban madubi. In leɓɓa sun haɗu, “up” ce. In ana ganin haƙora, “off” ce.

A rubuce kuma a bambance “off” mai “f” biyu da “of” mai “f” ɗaya. Ta biyun tana nufin na ko ta, kamar “Emir of Kano”, Sarkin Kano.

Mai karatu zai ji mutane a Nijeriya suna cewa “off the light” ko “on the fan”, babu kalmar aiki. Kowa ya gane, kuma a kasuwa ba mai tsayar da mutum a kan wannan. Amma a jarrabawa da wasiƙar neman aiki kuskure ake ɗaukarsa. A can sai an ce “switch off the light”. Turancin Buroka ma ya haɗiye waɗansu ya mai da su kalma guda. Wanda ya taɓa zuwa cin rani Legas ko Fatakwal ya san “komot” da “sidon”. Asalinsu “come out” da “sit down” ne. Ashe ya daɗe yana amfani da darasin nan bai sani ba.

Neman su a ƙamus

Mai ƙamus ya nemi kalmar aiki tukuna, ba ɗan rakiya ba. Wanda ke neman “put off” ya buɗe wajen “put”, ya bi ƙasa a hankali, zai tarar da su a jere. Kada ya tsaya a ma'anar farko. Akwai Kamus na Turanci da Hausa na Neil Skinner wanda aka buga a Zariya, akwai kuma na Roxana Ma Newman da ya fito a 1990. Wanda ba shi da ko ɗaya ya tanadi ƙaramin littafi. Duk haɗin da ya gani a jikin kwali ko allo ko fom ya kwafe jimlar duka, ya kai wa malamin ajinsu. Biyu ko uku a mako sun isa.

Aikin gida

A rubuta amsa da Hausa a nuna wa malami.

1. An rubuta a ƙofar ofis: The meeting has been put off till Monday. Za a yi taron ko an fasa? In za a yi, yaushe?
2. Nas ta ce: Cut down on sugar. Me take so maras lafiya ya yi?
3. Wanne ne daidai, “take off it” ko “take it off”?
4. Wata mata ta ce: I am looking for my goat. Wata kuma ta ce: I am looking after my goat. Wace ce akuyarta ta ɓace?
5. A nemo kwalin magani ɗaya a gida, a kwafo duk jimlar da ke da “keep” a ciki.

Amsoshi za su fito a jaridar wata mai zuwa, tare da darasi a kan “get” ita kaɗai, don 'yan rakiyarta suna da yawa ƙwarai.